Mangwarona a Gonar Aƙilu

Duk ƙasar Maska babu wanda ya san Aƙilu kamar ni, kuma babu mai jin haushinsa kamar ni. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya zaci yabonsa na zauna yi. Taubashina ne. Uwarsa, Goggo Tsohuwa, ƙanwar mahaifina ce ciki ɗaya. Da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da shi a goye, aka haɗa mu tabarma ɗaya da akushi ɗaya. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun muna yara nake ce masa bawana, shi kuma ya ce mini maigida yana wannan dariya tasa da ba ta fitowa sai ta hanci. Sunana Haladu, amma a bakinsa maigida nake har yau da furfura ta cika mana gemu.

Aƙilu bai taɓa sauri ba a rayuwarsa. A makarantar allo na riga shi sauka. A gona na riga shi kai ƙarshen kunya. Na riga shi aure, na riga shi keke, na riga shi babur, na je Makka na dawo, shi ko filin jirgi bai taɓa gani ba. Abin da ke ci mini rai tun muna samari shi ne bai ma san ana tsere ba. Ka wuce shi, ka waiwayo don ka ga yadda fuskarsa ta yi, sai ka tarar ya tsuguna yana duba wani tsiro a bakin hanya.

Da ya yi aure ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa, domin dangin ubansa na wajen Musawa sun raba abin da ke akwai ba su tuna da shi ba. Sai Baba ya kira shi zaure gaban dattawan unguwa, ya ba shi aron wani yanki a wutsiyar fadamarmu, inda ƙasar ta fi tauri, ruwa kuma ya fi wuyar samu. Wanda bai tashi a ƙauye ba zai zaci aron gona kamar aron fartanya ne. Ba haka ba ne. Mutum zai noma gonar aro har ya tsufa a cikinta babu mai ce masa tashi, muddin ya kiyaye abu biyu. Duk shekara ya kai wa mai gona wani abu daga amfaninta, ko da kwando ɗaya ne, don kada a manta mai ita. Sannan kada ya dasa itace. Hatsi damina ɗaya yake yi ya tafi, itace kuwa zama yake yi, kuma a wurinmu wanda ya dasa itace da hannunsa ya ce ƙasar tasa ce ke nan. An sha zubar da zumunci a kan bishiyar mangwaro guda.

Aƙilu ya kiyaye. Kowace shekara kwandon tumatir na farko gidanmu yake zuwa, zaɓaɓɓe, babu ruɓaɓɓe a ƙasa. Da Baba ya rasu aka raba gado fadamar ta faɗo hannuna, sai kwandon ya koma ƙofar ɗakina. Dattawan da suka shaida aron suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka koma cewa gonar Aƙilu, kwandon kuma yara suka ɗauke shi kyautar taubasai ce kawai. Ɗansa Mus'ab a cikin gonar ya yi rarrafe, a cikinta ya girma har ya yi aure, bai taɓa jin kalmar aro ba. Uban bai faɗa masa ba, ni ma ban faɗa ba, don a lokacin wutsiyar fadama ba ta tsone mini ido ba.

Dashe dai bai yi ba, amma kuma ba ya sara. Lokacin sassabe mu mukan kwashe komai mu cinna wuta. Shi sai ya bi iyaka yana zaɓe, in ya ga tohon ɗinya ko kanya ko marke ya bar reshe ɗaya mai ƙarfi, ya rage sauran, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Na taɓa kai ƙararsa wurin Baba. Baba ya ce abin da Allah ya shuka ba dashen kowa ba ne, in ƙyale shi. Na ƙyale shi, amma ban fasa gaya wa mutane cewa ragwanci ne ba, mutum ya kasa sassabe ya fake da son inuwa.

Ni na fara kawo injin ban ruwa ƙauyenmu. Daga ɗaya suka zama uku, ina ba da haya, ina kuma sayar da fetur a jarka a ƙofar gida. A shekarun nan idan rani ya kama, fadama ba ta shiru daga hantsi zuwa la'asar. Hayaƙi ya kwanta kan tumatir, baƙin mai ya yi shimfiɗa a kan ruwan rafi, ni kuwa babu abin da ya fi ƙarar nan daɗi a kunnena, domin ko ina kasuwa na jiyo ta na san ana yi mini aiki. Aƙilu ya daɗe yana ta fama da jigo da guga. Da ƙarfi ya fara ja baya sai shi ma ya shigo layin haya, ni kuma in sa shi ƙarshe, tunda shi kaɗai ne ba ya ƙorafi. Sai ya shimfiɗa buhu ƙarƙashin ɗinyarsa ya jira, wani lokaci har barci ya ɗauke shi.

Siyasa ma da ni ake yi. Ɗan majalisar jiha na mazaɓarmu, wanda muke kira Onarabul, ni ne idonsa a gundumarmu. Duk zaɓe ya matso yakan turo injina a mota, kowanne da hotonsa manne a jikin tanki, ni nake nuna wanda za a ba. Waɗanda suka samu kuma wurina suke sayen mai. Ban ga wanda aka cuta ba a lokacin. Sai daga baya na lura injin fetur daɗin rabawa gare shi a wurin ɗan siyasa: yana da ƙara, ana jiyo alherin mutum daga nesa, kuma kafin wani zaɓen ya lalace, mai shi ya dawo yana gaisuwa.

Shekarar da aka cire tallafin mai, fadama ta yi tsit kamar an yi rasuwa. Mutum ya lissafa abin da inji zai sha kafin tumatir ya nuna, sai ya ga gara ya tafi ci-rani. Jarkokina suka bushe. A birni gas da kananzir suka fi ƙarfin talaka, sai motocin gawayi suka gano hanyarmu. Kirya ta fara tafiya, marke ya bi ta, daga nan aka faɗa wa ɗorawa da kaɗanya, itatuwan da iyayenmu ko reshensu ba sa yarda a sara. Ni ma na sayar da ɗorawa biyu, kuma duk wanda ke da iyali ya san dalili. Rafin da kan kai mu tsakiyar bazara ya koma ƙafewa tun sanyi bai gama fita ba, rijiyoyi suka yi ƙasa. Ba sai wani ya zo daga jami'a ya gaya mana abin da ke faruwa ba, da idonmu muke gani.

Ni fa ba jahili ba ne. Ko a lokacin, in na zauna ni kaɗai, nakan ce wannan wace irin wauta ce. Ruwa yana nan ƙarƙashin ƙafarmu gaba kaɗan, rana tana dukan ƙeyarmu kyauta tun safe, amma sai an ɗauko mai daga bakin teku a tanka, an keto ƙasar nan gaba ɗaya, kafin mu jiƙa fangalin albasa. Da masu mulkin jiha sun zuba kuɗin injinan zaɓe a kan hasken rana tun tuni, da ɗorawoyina suna nan tsaye. Na san wannan sarai. Sanin ne ma ya sa abin da ya biyo baya ya fi yi mini zafi.

Wata rana aka sanar a rediyo cewa za a raba wa manoman rani famfon sola, wato injin da farantan hasken rana ke turawa, babu fetur babu hayaƙi. Wata ƙungiyar masu kare muhalli ce ta kawo shirin, wani kwamishina ɗan yankinmu ya tsaya masa. Matsalar ita ce kwamishinan nan da Onarabul jam'iyyarsu ɗaya, kuma kujera ɗaya suke hange a Abuja. Onarabul ya tara mu a gidansa na Funtua, ya ce duk wanda aka gani a wurin rabon nan ya nuna ɓangarensa, kada ya ƙara tako masa ƙofa. Ni na miƙe na ƙara gishiri. Na ce yaushe gilashi ya fara tura ruwa, ranar da hadari ya rufe kuma sai manomi ya yi tagumi? Aka yi ta tafi. Ina faɗa ina sane da cewa noman rani muke magana, lokacin da ko gajimare ɗaya ba a gani a sama.

Aƙilu ba shi da ɓangare. Yana jefa ƙuri'a, amma ko matarsa ba ta san wa yake ba. Ya hau bayan babur ɗin Mus'ab suka tafi Funtua. Da suka dawo na tare shi a bakin masallaci na ce bawana ya zama ɗan siyasa da tsufa, ya yi dariyarsa ta hanci ya ce shi ruwa ya je nema.

Bayan ɗan lokaci wata malamar gona mai suna Amatullah ta zo duba gonakin waɗanda suka nema. A sauran gonaki tsayuwa kawai ta yi ta wuce. A ta Aƙilu kuwa ta zauna har azahar, tana leƙa rijiya, tana ɗaukar hoton itatuwan nan da na shekara talatin ina yi wa dariya. Ta ce duk fadamar rijiyarsa ce ba ta yi ƙasa sosai ba. Aka sa shi cikin waɗanda za a fara ba. A makon nan dai na je gaida Onarabul a gonarsa ta hanyar Dandume, na tarar da ma'aikata suna kafa masa farantan sola jere guda, sai ƙyalli suke. Ya ga ina kallo, ya ce wani abokinsa ne ya matsa masa. Na ce Allah ya sanya alheri. Na dawo gida aka kawo tuwo na kasa kai loma.

Abin mamaki, ba Onarabul nake jin haushi ba. Shi dama babba ne, ya saba cin nasa ya hana mu namu. Aƙilu nake ji. Ƙyashi ne tsagwaronsa, ba zan sa masa wani suna ba. Ni da na kawo inji garin nan, ni da ake layi a ƙofata, in zauna da injina uku da ba na iya ba su mai, bawana kuma da bai taɓa gudu ba ya sha gabana a zaune? Idan na rufe ido sai in ga ruwa yana bin fangalinsa, nawa kuma ƙasa ta tsattsage. Nakan yi istigfari, in idar, abin ya dawo.

Sai ga sharaɗi. Waɗanda suka tsara shirin sun ce ba za a kafa wa kowa famfo ba sai ya dasa itatuwa a kewayen gonarsa, kuma su za su ba da irin: mangwaro, gwaiba da kashu. Niyyar mai kyau ce, ko ni ban musa ba. Amma sun zauna a ofis sun ɗauka duk mai riƙe da fartanya shi ne mai gona. Ita Amatullah 'yar manoma ce daga Malumfashi, ta san inda gizo ke saƙa. Ta ce ta gaya wa na sama da ita cewa kusan rabin masu noman rani a kan aro ko haya suke, aka ce mata za a duba a zagaye na gaba. Mutane da dama suka janye, don babu mai son rasa gona saboda famfo. Aƙilu bai janye ba, ya karɓi irinsa a baƙaƙen ledoji ya kai fadama.

Ranar da na ji haka zuciyata ta yi fari ƙal. In ya dasa, ya karya aro, gona ta dawo. In bai dasa ba, famfo ya wuce shi. Ƙanena Jibo, wanda ya san zancen aron, bai bari gari ya waye sau biyu ba ya zo ya same ni a zaure.

"Yaya, kada ka ce mashi komai. Bar shi ya dasa. Ran da ya dasa mu tafi gun mai unguwa. Su kuma masu sola da siminti suke kafa abinsu, a ƙasarmu za ya zauna."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba, kuma Jibo ya gane abin da shirun ke nufi. Matata Uwa ta jiyo mu daga tsakar gida. Da ya fita ta ce in ji tsoron Allah, mutumin da muka ci akushi ɗaya da shi. Na ce mata ta nuna mini abin da na yi. Ta ce ai abin da ban yi ba shi take magana a kai.

Daga nan na tsiri zagaya fadama kullum da safe, wai ina duba iyaka. Irin yana nan jere ƙarƙashin ɗinya cikin ledojinsa, Aƙilu na bi yana yayyafa musu ruwa da gwangwani. Damina tana ƙarewa, an fara zuba irin tumatir, masu kafa famfo kuma an ce sun gama da wajen Malumfashi sun nufo mu. Na kasa haƙuri na tambaye shi sai yaushe dashe. Ya ce ba a makara ba tukuna. Wata safiya na iso na tarar da ramuka a jere a kan iyaka tun daga bakin rafi har ɗinya, kowanne an zuba masa taki. Saura kaɗan in yi guɗa kamar mace. Na juya na tafi na gaya wa Jibo.

Ranar Juma'a, an sauko daga masallaci a Maska, ina neman takalmina sai ga Aƙilu tare da mai unguwarmu da liman. Ya ce yana roƙon mu biya fadama mu sa masa albarka, yau zai yi dashe. Na dube shi na ji har tausayinsa ya ɗan kama ni. Mutum zai karya aro, kuma shi da kansa ya gayyato shaidu. Jibo ya biyo mu, jama'a suka ga manya sun nufi fadama da manyan riguna su ma suka biyo. Muka tarar da Amatullah a can, da Mus'ab yana ɗauko irin yana ajiye kowanne a bakin raminsa.

Aƙilu ya tsaya a bakin ramin farko. Ba mai magana a taro ba ne, sai da ya yi gyaran murya ya sake yi.

"Jama'a, da yawanku ba ku sani ba, waɗanda suka sani sun riga mu gidan gaskiya. Gonar nan ba tawa ba ce. Aro ce Kawu ya ba ni, Allah ya jiƙan shi, yau kuma ta Alhaji Haladu ce. Ba ni da ikon dasa ko tsinke a cikinta."

Sannan ya sunkuya ya ɗauki mangwaro ɗaya da hannu biyu ya miƙo mini.

"Maigida, rami na haƙa, taki na zuba, iyakar nawa ke nan. In ka yarda, ka dasa a gonarka."

Ashe tun tuni ya tambayi malamar ko dole sai mai neman famfo ne zai dasa, ta ce masa sharaɗin itatuwa yake so a gani a ƙasa, bai ce hannun wa ba. Jibo ya matso yana raɗa mini cewa in ce sai na yi shawara. Zan iya faɗin haka. Amma shawarar me? Mai gona ne aka ba iri kyauta, aka haƙa masa rami, aka tabbatar masa da gonarsa gaban liman da mai unguwa, abin da ko kotu ba za ta yi mini da sauƙi haka ba. In na ƙi, kowa a wurin zai san dalili, har yaran da ke leƙe ta bayan manya. Na zo in kama shi da laifi, ya bar ni tsaye ba ni da abin kamawa. Ban taɓa jin haushinsa irin na wannan lokacin ba.

Ina cikin haka idona ya faɗa kan Mus'ab. Yana riƙe da gwaiba a leda, ya ƙame a inda yake. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, shi ya sake haƙa rijiyar gonar da hannunsa, shi ya yi shekaru yana kwaso taki a amalanke har ƙasar ta yi laushi. A hankali ya ce, "Baba, aro?" Aƙilu bai dube shi ba. Hannunsa na miƙe wurina da mangwaron.

Na tattare babbar rigata ta Juma'a na saɓa a kafaɗa, na durƙusa, na yage ledar, na sa mangwaron a rami na tura ƙasa na danna. Na matsa na gaba. Haka na bi layin nan a kan gwiwa har ɗinya, Aƙilu na miƙo mini ina dasawa, wandona ya yi kaca-kaca da laka. Babu wanda ya taya ni, don babu wanda ya isa ya taya ni, dashen mai gona ne. Da na gama mai unguwa ya ɗaga murya ya ce jama'a su shaida: gona ta Alhaji Haladu ce, itatuwa nasa ne da magadansa, Malam Aƙilu kuma yana nan a kan aro yadda marigayi ya bar shi. Liman ya yi addu'a aka shafa. Mutane suka yi ta miƙo mini hannu suna cewa na yi halin girma, ina amsawa ina jin kamar in haɗiye harshena.

Cikin makon aka kafa famfon. Na so a ce ya lalace, bai lalace ba. Rana na ɗagowa sai ruwa ya fara bulbulowa daga tiyo, babu ƙara, babu hayaƙi, sai ka matso kusa kake jin ɗan gurnaninsa. In Aƙilu ya gama da nasa fangalin sai ya ja tiyon ya miƙa wa maƙwabta, bai karɓi ko sisi ba, abin da ya ƙarasa kashe mini haya. Wasu masu aron suka kwaikwayi dabararsa. Wani mai gonar ya yarda ya dasa, wani kuwa da ya ji zancen famfo sai ya karɓe gonarsa ɗungurungum. Onarabul yanzu a rediyo ba shi da magana sai ta hasken rana, ka ce shi ya rataya ta a sama. Injinana suna bayan rumbu, kaza ta yi ƙwai a kan ɗaya.

In aka bi ta lissafi, ni na ci. Gonar da mutane suka manta tawa ce ta dawo tawa a bainar jama'a, ga itatuwa a kai. Aƙilu ya saki abin da da ya yi shiru wataƙila ya zama na 'ya'yansa. To me ya sa shi ke tafiya sakayau, ni nake jin kamar an ɗora mini buhun masara? Wannan tambaya ita ke hana ni sukuni. A da na yi ƙyashin famfonsa, yanzu kuma ƙyashin zuciyarsa nake yi, kuma wannan babu kwamishinan da ke raba ta.

Mus'ab ya sauya mini. Da yakan shigo gidana ba sallama ya buɗe tukunyar Uwa. Yanzu in ya gan ni sai ya cire takalmi ya tsuguna har ƙasa, ya ce ranka ya daɗe, irin gaisuwar da ake yi wa mai gona. Gara ya zage ni.

Rannan na bi ta fadama da hantsi na tarar da Aƙilu ya ja tiyo yana bin mangwarona ɗaya bayan ɗaya, alhali tumatirinsa bai sha ba tukuna. Itatuwan sun kama, har sun yi sabon toho ja. Na ce masa bawana wahalar banza yake yi, 'ya'yansa ba za su ci ko ƙwallo ɗaya ba sai da izinin nawa. Bai ɗago ba.

"Na sani. To wa za ya ba su ruwan, maigida? Kai?"

Na juya na kama hanyar gida, na bar shi yana ba su ruwa.

Jibo bai haƙura ba. Da aka fara ɗiban tumatir ya dawo, ya ce yanzu ne lokaci, shaidu na nan da ransu, aro kuma ba gado ba ne, a bari ya kwashe amfaninsa a sallame shi da mutunci. Na ce masa muddin ina numfashi Aƙilu ba zai bar wutsiyar fadama ba, kada ya ƙara kawo mini zancen. Uwa ta ji daɗi har ta yanka mini zakara. Ban gaya mata ba, amma ba tsabar alheri ba ne. In na kore shi ya tafi da halinsa wani gari, ni kuma in zauna da farantan da kowa ya san yadda na same su. Ban iya ba.

Sai dai numfashina ba na har abada ba ne, kuma ni da Aƙilu duk mun fara dafa gwiwa in za mu tashi. Makon jiya babban ɗana Mahadi ya raka ni fadama. Ya tsaya a kan iyaka ya daɗe yana kallon farantan, da ruwan da ke gudu, da koren albasa har bakin rafi. Sannan ya shafa ganyen mangwaro ɗaya ya tambaye ni shekara nawa suke yi kafin su fara 'ya'ya. Na san kallon nan, nawa ne. Mus'ab na tsaye ƙarshen fangali riƙe da tiyo, ya ji tambayar sarai, bai ɗago ba. Na ce wa Mahadi ban sani ba, ya wuce mu tafi gida.